Kawu Ilu, Mai Saka Baƙi a Durowar Kaya

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Kawu Ilu a garin nan na Kuala Lumpur ya san hannunsa ba ya tsayawa a tafin hannu. Kuna gama musabaha sai ka ji yatsu biyu a maƙogwaronka, ya karkata kai gefe, ya ce ka faɗi "ƙoƙo". In ka faɗa ya ji ƙashin wuyanka ya yi sama ya dawo, sai ya saki fuska ya tambaye ka mutanen gida. In kuwa "koko" ka ce, to ranar ka fasa duk inda za ka, don sai ya zaunar da kai ya raba maka abin sha da abin da ake sha a ciki. Mata kan ce musu su ɗora nasu hannun su ba shi labari. Har liman bai tsira ba.

Ƙanin mahaifiyata ne. A takarda Farfesa Iliyasu yake, malamin ilimin tsarin sauti a wata jami'a a nan, amma yaranmu masu digirin farko Baba Kecuwa suke ce masa. Kecuwa harshe ne na mutanen manyan duwatsun Peru da Bolibiya, a can Kudancin Amurka, kuma a kansa Kawu ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Ya yi aiki a kan Hausa da Malay da wasu harsunan da ban iya kawo sunayensu ba, amma Kecuwa ce uwargida.

Da na zo karatun digiri na uku a fannin injiniya, gidansa na sauka. Na kwaso yunwar jirgi, ga ƙamshin miyar Hajiya Binta, matarsa, ya cika falo. Ina shirin wanke hannu Kawu ya ce in zo minti ɗaya tukun, tun bakina bai gurɓace da Turancin garin ba. Ya kai ni ɗaki, ya kashe fanka, ya kashe na'urar sanyi, ya buɗe durowar kayan Hajiya ya ce in shiga. Na ɗauka wasa ne. Sai na ga kujerar roba a ciki, tsakanin atamfofi da lesuka, ga makirufo a rataye a jikin hanga. Wai tufafi suna shanye amsa-kuwwa fiye da ɗakin ɗaukar murya na jami'a, kuma su ba sai an nemi izini ba. Ya rufe ni, ya koma waje da abin sauraro a kunne, yana ba ni umarni ta ramin makulli: faɗi tsatsa, faɗi ƙaiƙayi, faɗi ɓarawo. Kun san zafin garin nan. Na fito kamar wanda aka tsamo daga rijiya, ina ƙamshin turaren wuta.

Hajiya ta dube ni ta ce, "Sannu, Sadiƙu. Ka shiga dangi ke nan. Ni ranar da aka kawo ni ma sai da na karanta masa sunayen kayan miya."

Bangon ɗakin kuwa kiret ɗin ƙwai ne tun daga ƙasa har rufi, an manna su da gam. Ɗalibansa sun sha nuna masa soson da ake sayarwa don wannan aikin, ya ce shi ba zai sayi abin da kaji ke bayarwa kyauta ba. Ranar Asabar ni ne ɗan dakonsa zuwa kasuwar Chow Kit, mu kutsa ta cikin masu kifi, ruwa na tsiyaya a takalmanmu, har wurin wata dattijuwa mai sayar da ƙwai da ke tara masa kiret. Ita duk tunaninta kiwon kaji yake yi a bene, don haka kullum sai ta tambaye shi lafiyar kaji. Wata rana na ce, Kawu, ka faɗa mata gaskiya mana. Ya ce ai gaskiyar yake faɗa mata. Ya juya ya ce mata da Malay kajin suna nan lafiya lau, ga ma ɗaya ya taho da shi, digiri na uku yake yi. Matar ta yi dariya har ta dafa tebur, daga ranar kuma sunana a layin nan ya zama Ayam, wato kaza.

Yadda ya faɗa harkar Kecuwa, kowa a nan ya ji labarin, wasu har sun haddace. Yana ɗalibi a Turai malaminsu ya kunna musu faifan wata tsohuwa tana magana. Bai fahimci ko kalma ɗaya ba, amma ya ce gashin jikinsa ya tashi, don matar tana ƙwanƙwasa harufa daga maƙogwaro sak irin na kakarsa ta Katsina. Ashe su ma suna da irin "ƙ" ɗinmu, har sun fi mu yawan irinta. Daga nan ya ɗaura niyya sai ya ga mutanen nan da idonsa. Ya hau duwatsun, iska ta yi masa ƙaranci, kansa ya yi ta sarawa, ya ci dankali har ya daina ganinsa da mutunci. A gida kuwa kakarmu ta rasa yadda za ta yi wa maƙwabta bayani, sai take cewa Ilu ya tafi bayan duniya koyon gwaranci.

Abin da ya fi alfahari da shi shi ne maganar burodi. A Kecuwar garin da ya zauna, in ka ce "tanta" kai tsaye, taro kake nufi. In ka busa iska a "t" ɗin, tsumma ne. In ka matse maƙogwaro ka ƙwanƙwasa ta, shi ne burodi. Turawan da suka je tare sun daɗe suna shiga shago suna neman tsumma da shayi, masu shago suna kallonsu da tausayi. Shi kuwa ranar farko ya nemi burodi aka miƙo masa burodi. In ya zo nan a labarin sai ya gyara hula ya ce, "Su a aji suka neme ta. Ni daga Katsina na taho da abata a wuya."

Akwai ranar da aka kira shi sulhu. Wasu ɗalibanmu biyu da ke haya tare sun yi rigima a kan kicin har sun daina gaisawa, aka ce babba ya shiga. Muka haɗu a wani kedai na mamak, irin shagunan shayin Indiyawa Musulmi, a Brickfields. Ɗayansu, Nasiru, kullum taƙamarsa shi ɗan cikin birnin Kano ne gaba da baya. Yana cikin zuba ƙorafi, ransa ya ɓaci, bakinsa ya suɓuce ya ce shi ba ya son "hwaɗa". Kawu da ke gyangyaɗi a kan shayinsa ya farka firgigit. Ya tambaye shi wace ce ta goye shi. Nasiru ya yi ta kame-kame, ƙarshe ya amsa cewa kakarsa ce, mutuniyar wajen Sakkwato, kuma a hannunta ya tashi. Abokin rigimar ya ce wane gari, aka faɗa, sai ga shi garin mahaifiyarsa ne. Kafin a kawo roti, gurasarsu ta Indiyawa, sun shiga lissafin dangi. Muna tafiya na ce wa Kawu ya yi dabara. Ya ce dabarar me? Ashe shi ko abin da ya haɗa su bai ji ba.

Sai kuma labarin mai sarewa. Wata ranar Lahadi mun sauko daga monorel, jirgin ƙasan cikin gari, muka ji kiɗan sarewa a bakin wani babban kanti. Wasu mutane ne masu dogon gashi da riguna masu launi, suna busa suna sayar da abin wuya. Kawu ya tsaya cak, ya damƙa mini ledar cefane, ya ratsa taron da babbar rigarsa ya gaida babbansu da Kecuwa. Mutumin ya sauke sarewar daga baki. Ya duba hagu ya duba dama yana neman wanda ya yi maganar, don bai yarda daga bakin wannan baƙin dattijo mai hula ta fito ba. Da Kawu ya ƙara magana sai idon mutumin ya kawo ruwa, ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya ƙi saki. Manuwel sunansa, ya yi shekaru yana yawon ƙasashe, ban da 'yan uwansa ba wanda ya taɓa yi masa harshen uwarsa.

Na zaci Kawu zai yi ta murna, amma a hanya na ga ya yi jugum. Na tambaye shi, ya ce mutumin ɗan ƙasar Ekwado ne, kuma Kecuwarsu ba ta da "ƙ" ko ɗaya, sun zubar da ita a hanya tun zamanin kakanni. Ya faɗe ta kamar mai sanar da rasuwa. Duk da haka ya gayyace shi gida, Hajiya ta yi tuwon shinkafa miyar taushe. Bawan Allah yana tsakiyar loma Kawu ya tashi ya kashe fanka. Hajiya ta ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah, ka bar baƙo ya ƙoshi." Da aka buɗe masa durowa Manuwel ya dubi kujerar, ya dube ni. Na ce masa ya shiga kawai, duk mun shiga kuma mun fito. Ya zama ɗan gida, da Sallah har kaftani Hajiya ta sa aka ɗinka masa.

Mun yi ta yi wa Kawu dariya, kuma shi ma yana taya mu. Amma akwai ranar da ban ga haƙorinsa ba.

Bayan iyalina sun biyo ni, aka haifa mana Ummi a nan. Ta kai shekara uku maganarta ba ta fita sosai. Sunana Sadiƙu take cewa "Adiku", shinkafa "inkaba". Kowa ya ce mu kwantar da hankali, harsuna ne suka yi mata yawa: Hausa a gida, Turanci a talabijin, Malay a wurin raino. Ni ma hakan ya fi mini daɗin ji, don ina tsakiyar rubutun kammala karatu, ba na son wata damuwar. Wata Juma'a mun dawo daga masallaci a Kampung Baru, Kawu ya biyo ni gida cin abinci. Ummi ta hau cinyarsa tana ba shi labarin kyanwar maƙwabta. Na ga ya daina tauna. Ya zaunar da ita a kan tabarma da 'yar tsanarta, ya zagaya bayanta ya ce "aaa". Ta waiwayo tana dariya. Ya bari ta koma wasa, ya ce "sss". Ba ta motsa ba. Ya matso dab da ƙeyarta ya sake, ta ci gaba da yi wa 'yar tsana kitso.

Ya kira ni baranda ya rufe ƙofa. Na fara kawo masa maganar harsuna uku, ya katse ni.

"Na zauna da yaran da suka tashi da harshe huɗu, Sadiƙu. Yawan harshe ba ya cinye harafi. Yarinyar nan ba ta faɗin abin da ba ta ji ne. Ka kai ta a duba kunnenta."

Na ce to, bayan na miƙa babin da nake rubutawa. Ranar Litinin da safe na buɗe ƙofa zan tafi makaranta, na same shi tsaye da lema a hannu. Ya soke darasinsa, ya hau jirgin ƙasa biyu ya zo. Ya ce ko in ɗauko ta mu tafi tare, ko ya ɗauke ta su tafi su biyu in yi wa uwarta bayani. Muka tafi.

Likitoci suka tabbatar jinta ya ragu a kunnuwa biyu, siraran sautuka ba sa kai mata. Suka ce mun zo a kan lokaci. Mahaifiyarta ta yi kuka, ni ma sai da na fita waje na tsaya. Ranar da aka saka mata na'urar ji Kawu na wurin. Muna dawowa gida uwarta ta zuba albasa a mai, Ummi ta saki abin da ke hannunta ta ruga kicin tana neman abin da ke yin ƙarar nan. Ba ta taɓa sanin suya tana da murya ba. Kawu ya juya ya fuskanci taga, ya daɗe yana goge gilashinsa.

Daga nan kullum Asabar sai ya zo su zauna a tabarma, shi da ita, suna hura wa takarda iska suna kukan maciji. Cikin 'yan watanni bakin Ummi ya buɗe, bai kuma sake rufuwa ba. Ta ishi kowa da surutu, har wata rana ta hana shi jin labarai, ya dube ni ya ce ko likitocin nan suna da maɓallin ragewa.

Rashin lafiyarsa ba ta yi tsawo ba. A nan ya rasu, a nan muka binne shi, ƙasar da ba ta haife shi ba ta karɓe shi. Ku da kuka je kun ga jama'a: Malayawa, Indiyawa, ɗalibansa na ƙasashe daban-daban, da mu. Hajiya ta koma Katsina wurin 'ya'yanta.

Ummi yanzu tana firamare, ita ke jan sauran yara karatu a Islamiyya. Kwanan baya mun idar da sallah ta tambaye ni ko Baba Kecuwa yana jin mu a inda yake. Na ce mata addu'a dai tana isa gare shi. Sai ta ɗaga hannuwanta ta yi masa, a hankali, kowane harafi a wurinsa, ni kuma na shafa da amin.

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa kabarinsa ya haskaka shi. Allah ya ba Hajiya haƙuri. Yadda ya tsaya wa yarinyar da ba ta iya faɗin damuwarta ba, Allah ya tsaya masa ranar da baki ba zai yi magana ba. Amin.