Amyar da Malam Haliru ya bari amana

Yau da safe ina shirin fita makaranta aka kira ni a waya: Malam Haliru na Fagada ya rasu a asibiti. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shi ya koya mana kimiyya a firamare a Maiyama. Saboda shi na zama malama.

Yawancinmu mun ɗauka aikin ƙudan zuma biyu ne, zuma da harbi. Ni ma haka na ɗauka, sai ranar da ya kwashi ajinmu zuwa lambun bayan gidansa. Albasar da ya bari don iri ta yi fure fari fat, ƙudan zuma sun rufe ta. Muka watse da ihu.

Ya yi dariya ya ce, "Ku dawo, matsorata! Waɗanga ma'aikatana ne. In ba su taka furen ga ba, iri ba ya zama."

Akwai kabewa, akwai zogale, akwai ɗoɗɗoya da yake bari ta yi fure da gangan. A gindin tsamiya akwai wani tsohon kasko da ruwa, ya zuba tsakuwa a ciki don su sha ba tare da sun nutse ba. In fure ya buɗe, ba a feshin maganin ƙwari a gidansa.

A saman tsamiyar nan amyarsa take. Ya ce tun kakansa ake rataye ta a wurin. Farkon zuwan Turawa, da kantunan Jega suka fara sayen kakin zuma, mutane suka bi amya da wuta suna kashe ƙudan don su kwashe saƙar duka. Kakansa ya ƙi. Hayaƙi kaɗan yake sawa, ya ɗiba, ya bar musu nasu. An sha sake amyar, amma tsamiyar ba ta taɓa yin shiru ba.

Duk shekara maƙwabta a wurinsa suke karɓar irin albasa, kyauta. Ranar da na samu aikin koyarwa, kwalbar zuma ya aiko min da ƙullin iri, ya ce in shuka tare da yaran ajina.

Da ciwo ya tsananta, a gabana ya kira Nasiru, ɗan ƙanensa da ya riƙe tun yana ƙarami. Ya ce, "Amana guda na bar maka. Ban da wuta, ban da feshi."

Nasiru ya ce, "Baffa, wallahi ko ganye ba mai taɓawa."

Ganina da shi na ƙarshe a asibiti ne. Ya rame sosai, amma fuskarsa a sake. Ya ce, "Ɗiyata, Nasiru ya ce furen bana ya fi na bara, ƙuda har ba wurin sa ƙafa. In na tashi ki kawo yaranki su gani."

Yau da maza suka tafi da shi maƙabarta, na zaga lambunsa don in yi kukana a inda ya fi so.

Shiru.

Reshen tsamiyar ya yi baƙi. Amyar tana ƙasa a ƙone, awaki sun daɗe da tattaka tokar. Na murza kan furen albasa ɗaya a tafina, babu ƙwayar iri, sai ƙaiƙayi. Wata maƙwabciya ta ce tun makon da aka kwantar da Malam aka sa wutar, aka bi da feshi.

Da Nasiru ya dawo na tare shi a ƙofa. Ya ce, "Malama, ƙwari ne fa. Wani ɗan Aliero zai kafa rumbun albasa a nan, ya ce leburorinsa ba sa shiga sai an kori ƙudan."

Na ce, "To me ya sa kake ce wa Malam suna nan?"

Ya ce, "Mara lafiya ne, me kike so in gaya masa?"

Mutumin da ya goya ka ya tafi yana yabon amanarka, alhali ka riga ka ƙone ta. Wannan ya fi min ciwo a kan wutar.

Kaskon kaɗai ya tsira. Na ɗauko shi, ban nemi izinin kowa ba. Gobe yaran ajina za su zuba masa tsakuwa da ruwa, kusa da albasarmu wadda asalin irinta nasa ne.

Ku ma ku gwada. Ku bar wani abu ɗaya ya yi fure a gidanku, ku ajiye ruwa, ku riƙe hannu daga feshi. In ƙuda ya sauka, ku tuna shi.

Allah ya gafarta wa Malam Haliru, ya haskaka kabarinsa, ya sa shi a lambun da ba a ƙonewa. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi masa addu'a.