Bencin da Ba Ƙusa

A shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasar nan, gwamnati ta ce kowane yaro ya tafi firamare, sai ajujuwa suka riƙa tashi a ƙauyuka ta ko'ina. Aji kuwa ba ya zaunuwa sai da benci. A lokacin ne na samu aiki a wata rumfar kafintoci a Wudil, kusa da hanyar da ke gangarawa kogi. Mai rumfar wani Alhaji ne ɗan kwangila, yana zaune a Kano, sai jefi-jefi yake leƙo mu. Wanda ke kanmu kullum shi ne helma, wato shugaban ma'aikata, wani dattijo siriri da fensir a bayan kunne. Ni nawa aikin yanka katako da zarto, sai gogewa.

Ni mutum ne mai son kallon yadda mutane suke yin abu, kuma helman nan ya ba ni abin kallo. A inda na taɓa aiki kafin nan, idan ka lanƙwasa ƙusa ɗaya sai an yi maka faɗa har da ambaton iyayenka. Shi kuwa helma ya ware wani lungu a bayan rumfa, ya hana a kai wa masu tuya guntayen katako, ya ce a tara su can. Ranar Alhamis bayan la'asar, duk wanda yake da wani abu a ransa ya je ya gwada. Doka ɗaya ya kafa: ba a yi wa abu dariya sai mai shi ya ce ya gama.

Akwai wani abu kuma da na daɗe kafin in gane. Duk ranar da motar Alhaji ta tsaya ana cikin aikin lungu, helma kan fita da sauri ya tare shi tun daga bakin titi. Sai ya ja gaisuwa. Ya hanya, ya iyali, ya Hajiya, ya jikin tsohuwa, an yi ruwa a birni kuwa? Daga nan ya kai shi wajen tulin bencinan da aka gama, ya riƙa nuna masa ɗaya bayan ɗaya har Alhaji ya gaji ya koma mota. Da farko na ɗauka ladabi ne kawai, ashe lungun yake karewa kada Alhaji ya gani.

A cikinmu akwai wani mutumin Lajawa, magidanci mai 'ya'ya, wanda ya gaji sassaƙa. Turmi da ƙota da akushi yake yi a gida, har kwanon silba da roba suka cika kasuwa, sana'ar ta ja baya, ya zo neman aikin kafinta. Ba shi da yawan magana. Kuma bai yarda da ƙusa ba, yakan ce ƙusa tana shiga katako ne da faɗa.

Babbar damuwarmu a lokacin ita ce kai kaya. Benci abu ne mai ƙafafu, ba ya kwanciya a mota. Direbanmu, wani Babarbare mai baki, kullum cikin mita yake.

“Iska nake ɗauka, wallahi,” in ji shi. “Mota ta cika har sama amma rabinta iska. In na bi hanyar Darki ko ta Kausani kuma, kafin in kai sun karya wa juna ƙafa. Ku ƙera benci mai naɗe ƙafa kamar raƙumi mana.”

Muka yi dariya. Mutumin Lajawa bai yi ba. Alhamis ɗin da ta biyo baya na gan shi a lungu da gizagonsa na gado, yana fafe rami a jikin katako. Ya daɗe yana abin, Alhamis bayan Alhamis. Ni dai nakan wuce in leƙa, in ga ya soka wannan cikin wancan, ya zare, ya ƙara sassaƙa. Rannan ya kira helma. Ya ɗauko katakai a kwance, ya tsayar da ƙafafu, ya zura sanda mai haɗa su ta cikin ramukan, sannan ya buga wani ɗan guntun katako mai tsini a kowane gefe. Sai ga benci a tsaye. Ya bugo 'yan guntayen suka fita, bencin ya koma katakai a kwance, ka ɗaure da igiya ka saɓa a kafaɗa.

“Yadda ruwan gatari yake zama a ƙota ke nan,” ya ce da helma. “Ba ƙusa.”

Direba ne ya raɗa wa 'yan guntayen suna weji, irin wanda ake sa wa tayar mota kada ta gangara. Helma ya zauna a kan bencin, ya girgiza, ya kira ni muka zauna tare, ya kira direba. Bencin bai motsa ba. Helma ya zagaya shi yana tambaya kamar ɗalibi: me ya sa wannan ramin ya karkace, me zai faru in an ja shi a ƙasa? Daga baya ya ce a yi na aji ɗaya a kai wata makarantar ƙauye mu gani.

Ba a jima sosai ba labari ya dawo. Katakon da ake kawo mana daga kudu ɗanye ne, da zafin bazara ya buge shi sai ya tsuke, wejin suka yi sako-sako. Yara kuma suka gano ana iya zare su, suka mai da su abin wasa. Ranar da wani jami'in ilimi ya kai ziyara, hedimasta ya ja shi suka zauna a benci don su saurari karatu. Benci ya baje da su a gaban yara. Ba wanda ya ji ciwo, amma hular jami'in ta yi nata wuri, kuma ajin ya kasa riƙe dariya.

Washegari da hantsi motar Alhaji ta tsaya. Wannan karon gaisuwa ba ta yi aiki ba, Alhaji ya wuce helma ya shigo tsakiyar rumfa da ɗan weji a hannu.

“Wane ne ya yi wannan shirmen?”

Zartuna suka tsaya. Mutumin Lajawa ya ajiye guduma, ya durƙusa. “Ni ne, ranka ya daɗe.”

“Kai ne? An ce ka yi benci ka yi mini tarko? An kira ni ofis ana yi mini tsawa kamar yaro! Tattara kayanka. Wa ya sa ka ma?”

“Ni na sa shi, Alhaji,” in ji helma.

Ya faɗe ta a hankali, kamar mai ba da amsar gaisuwa. Alhaji ya juyo.

“Helma, kada ka shiga abin da ba naka ba.”

“Nawa ne, ranka ya daɗe. Ba abin da ke fita daga rumfar nan sai na zauna a kansa. Na zauna, ban yi tunanin ɗanyen katako ba, ban yi tunanin yara ba. In kora ce, daga kaina za a fara.”

Ya zare fensirin daga bayan kunne ya ajiye a kan tebur. Ban taɓa ganin kunnen nan ba fensir ba, har ya yi mini wani iri. Na dubi mutumin Lajawa, yana nan durƙushe. Na san in aka kore shi ba inda zai koma sai turmin da ba mai saye.

Alhaji ya yi ta faɗa. Ya ambaci mutuncinsa, ya ambaci kwangilar da ake shirin ba shi, ya ce shi ba gidan gwaji ya buɗe ba. Helma bai katse shi ba. Sai da Alhaji ya huce kaɗan sannan helma ya ce, “Gobe da kaina zan je in ba hedimasta haƙuri, mu buga wa bencinan ƙusa. Ofis ɗin ma in kana so mu tafi tare, su yi mini tsawar. Amma mutumin nan hannunsa ya fi na kowa a rumfar nan, ni kuma ba zan iya aiki da mutanen da ke tsoron taɓa katako ba.”

Alhaji ya dubi tulin aikin da ke jira, ya dubi helma. Ya jefar da wejin ya ce kada ya sake jin an kai wa wata makaranta benci marar ƙusa, ya fita. Helma ya ɗauki fensirinsa ya mayar, ya ce da mu, “To, kallon ya isa. Katako ba ya yanka kansa.”

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Helma mutum ne da ba a san shi da ƙarya ba, shi yake ja mana salla. Ni kuma ina wurin tun farko, ban taɓa jin ya ce wa mutumin Lajawa ya yi benci marar ƙusa ba. Da muna dawowa daga masallaci na kasa haƙuri.

“Helma, in yi tambaya? Ka ce kai ka sa shi. Ni ban ji ranar da ka sa shi ba.”

Ya yi murmushi. “Kai dai ba ka rasa tambaya. Wa ya ware lungun?”

“Kai ne.”

“Wa ya ce a tara katakon? Wa ya ce kada a yi dariya? In ka ba mutum wuri, ka ba shi lokaci, ka ce ya gwada, ai ka sa shi. Ba zai yiwu in abu ya yi kyau in ce rumfata ce, in ya ɓaci in ce hannunsa ne ba.”

Na ce to in da Alhaji ya karɓi fensirin fa? Ya ce da ya karɓa, da yanzu suna neman aiki su biyu, shi da mutumin Lajawa, kuma da sai ya koyi sassaƙa turmi. Bayan shekaru, da na shiga ajin yaƙi da jahilci na fara iya rubuta kalmomi, na yi mamakin ƙanƙantar kalmar nan, sa. Baƙi ɗaya da wasali ɗaya, amma ta tare wa mutum kora.

Aikin mutumin Lajawa ya tsira, amma shi ya sauya. Ya zama ba wanda ya kai shi buga ƙusa. Inda ake sa biyu sai ya sa uku. Ranar Alhamis yakan zauna a rumfa yana wasa zarto, ko kallon lungu ba ya yi. Direba ya so ya tsokane shi, ya ce, “Sarkin weji, yau ba a kayar da kowa ba?” Helma ya ɗago kai ya dube shi kawai, direba ya tuna yana da taya da zai duba.

Na zuba ido in ga ko helma zai lallashi mutumin Lajawa, ko ya ce ya sake gwadawa. Bai yi ko ɗaya ba. Abin da ya yi, da muka je ƙauyen buga ƙusa ya dawo da bencin da ya baje, ya jingine katakan a lungu. Wani lokaci kuma in suna aiki kusa da juna sai ya yi magana kamar da kansa yake yi: “Ni abin da ban gane ba, me ya sa gatari ba ya zarewa a hannun yaro?” Ko ya ce, “Da wejin ta ƙasa yake shiga, ko yaya?” Mutumin Lajawa sai ya ci gaba da buga ƙusarsa. Helma kuma ba ya jiran amsa.

Damina ta shigo, aka yi shuka, aka yi noman farko. Wata Alhamis bayan la'asar ina share garin katako, sai na ga mutumin Lajawa ya tsaya a gaban teburin helma yana sosa ƙeya, gizagonsa a hannu.

“Helma, ko akwai busasshen maɗaci? Ɗan kaɗan.”

Helma bai ko ɗago daga awon da yake yi ba.

“Duba ƙarƙashin kwanon rufin da ke bayan lungu,” ya ce. “Tun bazara na ajiye. Ka bi a hankali, kunama na son wurin.”