Taraktar da Yayana Ya Duba wa Haƙora

Ina buɗe wannan takarda da sunan Allah, wanda Ya san shekarun kowace halitta ba sai Ya ɗaga mata leɓe ba.

Yayana dillalin shanu ne a Garwa, kuma ba zan tauye shi ba, ya san shanu. In ya leƙa haƙoran bijimi, ya shafa ƙaho ya ƙirga gaɓoɓinsa, zai faɗa maka shekarunsa har da daminar da ya sha yunwa. Fulanin daji ma ba sa yi masa musu a nan. Abin da ya ɓata shi guda ne: tun da ya dawo aikin hajji ya fara ganin komai na duniya sa ne, har abin da Turawa suka ƙera.

Zamanin shugaban ƙasa na farko ne, ɗan garinmu, lokacin da duk mai ɗan hali yake son a gan shi da ƙarfe. Wani ya sayi mota, wani injin niƙa. Yayana ya ji labarin wani Bature mai gonar gwajin auduga zai koma gida, sai ya je ya sayo taraktarsa. Bai shawarci kowa ba, ya kuma sayar da shanun huɗa biyu da mahaifinmu ya bar mana, wai ba a haɗa tarakta da sa a gida ɗaya. Da shanun nan muke nome gonarmu ta kusa da kogin Binuwai. Shi yana da kasuwa. Ni karantarwa nake yi a zaure, dawar gonar nan ce abincin iyalina daga kaka zuwa kaka.

Ranar da aka kawo ta, an yi mata jan fenti sai ƙyalli take, tayoyin baya sababbi fil. Yayana ya tara mutane a ƙofar gida, ya kewaye ta sau biyu hannuwa a baya, kamar yadda yake yi a kara. Ya bubbuga mata gefe. Sannan ya durƙusa da babbar rigarsa ya sa ɗan yatsa tsakanin haƙoran taya.

"Ku duba nan," in ji shi. "Ko ɗaya bai ci ba. Shekararta uku. In ta yi yawa, huɗu."

Jama'a suka ce, "Gaskiya ne, Alhaji," har da wani makaho.

Tare da taraktar an ba shi direbanta, wani dattijo Kirista mutumin duwatsun Mokolo, gajere, mai ƙarancin magana. Hausarsa ta kasuwa ce, amma tana kai saƙo. Kowa Tsoho yake ce masa, ni kuma Baba. Yana tsaye gefe, ya ce a hankali, "Alhaji, taya ce mai shekara uku. Ita kam ta girme wa babbar 'yarka."

"Tsoho, ni za ka koya wa shekaru?"



Damina ɗaya ta yi mana aiki lafiya, kuma ba don fenti ba. Na sha tsayawa ina kallon Baba da hantsi kafin ya tayar da ita. Zai zaro ƙarfen awon baƙin mai, ya murza man tsakanin yatsu biyu, ya shinshina. Zai kwance wani ɗan kofin gilashi a ƙarƙashin tanki ya zubar da ruwan da ya kwanta a gindin gazuwal, wato man da take sha. Gazuwal ɗin ma ba ya zuba shi sai ta cikin tsumma mai tsabta. Akwai wata kwarya ta ƙarfe mai mai a ciki, wadda take kama dattin iska kafin ya shiga inji, duk kwana uku sai ya wanke ta. Giris kuwa gaɓa gaɓa yake bi da shi, yana ƙirgawa da harshensu. In ta yi zafi ba ya ba ta ruwan sanyi sai ta huce. Da yamma ya ajiye ta ƙarƙashin darbejiya, gabanta na kallon gangare, don in batir ya ƙi a sake ta ta tashi da kanta. Ranar Lahadi ba ya taɓa ta, ranar Juma'a kuma yana kashe ta kafin kiran farko ba sai an ce masa ba.

Yayana bai taɓa ganin wannan ba. Shi aikinsa ya hau kujerar taraktar da yamma a ƙofar gida, inji a kashe, yana amsa gaisuwa daga sama.

Da bazara ta biyu famfon ruwanta ya fara zuba. Wannan famfo shi ke juya ruwa a cikin inji don kada ya ƙone. Baba ya ce ya gama yayinsa, sai sabo, kuma babu shi a Garwa, babu a Maruwa. Sai an rubuta Duwala, a ɗora a jirgin ƙasa, sannan a mota, abin da ke cin wata guda da 'yan kai in an yi sa'a. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Aike ɗaya kawai lokaci zai ba mu. Kuma masu sayarwa ba sa turo kaya sai an faɗa musu ƙirar wace shekara ce, domin famfon tsohuwa daban, na sabuwa daban.

Yayana ya ɗauko wani mai gareji daga unguwar Rumde Ajiya, wanda ake kira Shef. Ban taɓa ganin bakanike mai tsabtar farce irin tasa ba. Farar riga, alƙalami uku a aljihu, kuma kafin ka gama gaisuwa ya gaya maka yana da difilom, takardar shaidar boko. Ya tsaya nesa da taraktar kamar za ta yi masa kashi a takalmi. Ya nemi ɗan farantin da ake rubuta lamba, ya tarar da ramukan ƙusa huɗu kawai, an daɗe da ɓalle shi. Sai ya sa aka ɗaga murfin inji, ya ga wata lamba a cikin murfin, ya kwafe.

"Wala!" in ji shi da Faransanci. "Sabuwar ƙira ce. Ba ta wuce shekara huɗu ba."

Yayana ya juyo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Me na ce? Ni da yatsa na gani, shi da boko."

"Shef," in ji Baba, "murfin nan ba nata ba ne. Na wata ce da ta faɗa rami a gonar Bature. Ni na ɗaura shi da hannuna."

"Papa, kai ka tuƙa. Karatu ka bar wa masu shi."

Bayan la'asar, da kowa ya watse, na ce, "Baba, nuna mini abin da ka sani."

Bai yi doguwar magana ba. Ya nuna mini wurin taka kuloci, ƙarfe ne mai zanen ƙaya, amma ya goge ya yi santsi kamar bakin tsohon turmi. Ya ce, "Ƙafata ce ta cinye wannan, Malam. A shekara uku?" Ya juya sitiyari, ya yi tafiyar tafin hannu kafin tayoyin gaba su motsa. Sannan ya kifar da kujerar. A ƙarƙashinta akwai tsagi-tsagi a jere, an yi su da zarto. Ya ce a gidansu a kan dutse haka ubansa yake tsaga sandar rumbu duk kaka, shi ma tun ranar da aka sauke taraktar daga mota yake tsaga mata ɗaya duk ƙarshen damina. Na ƙirga, na sake ƙirgawa. Goma sha bakwai.

Daga nan ya kwanta a ƙasa da tsumma da kananzir, ya goge wani wuri a jikin injin kansa, inda giris da ƙasa suka yi ɓawo. Sai ga lamba an buga ta cikin ƙarfen. "Wannan ba a canja ta," in ji shi. "Da ita aka haife ta."

Ban yi boko ba, shi ma bai yi ba. Amma wanda ya shekara yana kwafar littafi ya san yadda ake bin surar harafi ko bai san sunansa ba. Na ɗauko tawada da alƙalamin kara, na kwanta kusa da shi, na zana lambar ɗaya bayan ɗaya yadda take. A ƙasa na rubuta da ajami inda aka same ta.

Washegari na kai wa Shef a gaban yayana. Ya riƙe takardar da yatsu biyu.

"Modibbo, laya ce wannan? A wuyanta za mu rataya?"

Yayana ya yi dariya har da tari. "Ƙanena, ka koma wa allunanka. So kake a ji a gari na sayi tsohuwa? Ni?"

A nan maganar take. Ba famfo ne ya dame shi ba. Dillalin da aka sayar wa tsohuwar saniya da sunan karsana ya gama cin kasuwa, kuma ya gwammace gonar ta kwana da a faɗi haka a kara. Aka rubuta Duwala da lambar murfi.

Famfon ya iso bayan ruwa na uku, a cikin kwali mai kyau, an naɗe shi da takarda mai maiƙo. Shef ya zo da kansa, har ya naɗe hannun riga. Ya kara shi a jikin inji. Ramukan noti biyu suka hau, biyu suka sauka gefe da faɗin yatsa biyu. Ya juya shi, ya kifa shi, ya yi Faransanci mai yawa. A ƙarshe ya ce mutanen Duwala ba su san aikinsu ba, ya duba agogo, ya ce ana jiransa a ofishin gwamna. Ban sake ganinsa a unguwarmu ba.

Maƙwabta duk sun yi shuka. Shanun huɗa kowa nasa na aiki, babu na aro. Baba ya kwance tsohon famfon, ya yanka fatar Maruwa ya yi mata zobe, ya jiƙa da giris ya cusa inda yake zuba. Ya ce, "Zai rage, ba zai tsaya ba. Malam, kana da buta?"

Haka muka yi huɗar shekarar nan. Shi yana sama yana tafiya a hankali, ni ina biye da butar alwala da tulu a bakin gona. Duk kunya huɗu ya tsaya, mu jira ta huce, in ɗura mata ruwa. Kwana shida muka yi a haka, masu wucewa suna tambaya ko tarakta ce ta shiga Musulunci. A rana ta bakwai, bayan hutun Lahadi, fatar ta fashe, tururi ya tashi, Baba ya kashe inji nan take ya sauko. Ya ce in muka ƙara kunya ɗaya za mu kashe ta gaba ɗaya. Rabin gona muka nome. Sauran na bi abin da na iya da fartanya, ciyawa ta cinye ragowar. A shekarar nan tun kafin azumi rumbuna ya nuna gindinsa, kuma Allah bai bar mu mun kwana da yunwa ba, amma tuwon ya sirance.

Bayan kaka na kai takardata wurin wani mai rubuta wasiƙu a bakin gidan waya, ya kwafe lambar da na zana ba tare da ya yi dariya ba. Famfon da ya zo ya zauna daram, noti huɗu, ko guduma ba a ɗauka ba. Baba ya kifar da kujera ya ƙara tsagi ɗaya.

Wancan famfon na farko kuwa, yayana ya sa shi a kan kanta a zaurensa, kusa da agogon bango. In baƙo ya tambaya, sai ya ce kayan gyara ne na ajiya, daga Duwala, domin mai sabuwar tarakta ba ya zama haka nan. In aka ce shekararta nawa, ya ce uku. Har ya rasu, Allah Ya gafarta masa, ba ta cika huɗu ba.