Nibaldo da Pumar da Ta Ƙi Ganuwa

Yayana Nibaldo Cárcamo ya shekara arba'in da ɗaya yana tsaron bukkar katako da ke gindin dutse, tafiyar wuni guda a doki daga garin Cochrane, kuma duk shekarun nan bai taɓa sa puma a idonsa ba. Abin dariyar shi ne, kaf kwarinmu babu wanda ya kai shi sanin wannan damisar dutse. Da ya duƙa a kan sawu cikin dusar ƙanƙara zai gaya maka mace ce, a ƙoshe take, ta wuce kafin hantsi. Baƙi su bi inda ya nuna, su dawo da hotuna cike da waya. Shi kuwa ko jelarta bai taɓa hangowa ba.

Ni ce mai girki a bukkar, don haka a kunnena ake komai. Gadaje takwas gare mu, sai murhun ƙarfe ɗaya da kowa ke shanya safarsa a kai, wari kuwa sai wanda ya kwana ya sani. Da yamma a kewaye murhun, ƙoƙon shayin mate yana zagayawa hannu zuwa hannu, ina soya gurasa da kitsen tunkiya, Nibaldo yana zuba labarin puma. Ba ya ƙarya, wannan kam na shaide shi. In baƙo ya tambaye shi sau nawa ya gan ta, sai ya sosa ƙeya ya ce, "Wasiƙa dai take bar mini a ƙasa, ni kuma in karanta."

Makiyaya ba su raga masa ba. In sun biyo da tumaki sai su ce, "Malam Nibaldo, budurwarka ta bi ta bayan garkenmu jiya, ta ce a gaishe ka."

Ni na san matsalar, na kuma faɗa masa ya fi sau ɗari. "Yaya, kullum kanka a ƙasa kamar mai neman allura. Ita tana can bisa dutse tana kallon ƙeyarka."

"Eduvina, ki ji da tukunyarki. In na ɗaga kai, wa zai ga ramin da ƙanƙara ta rufe? Ke za ki ciro mini baƙon?"

Gaskiyarsa ce, abin da ke ba ni haushi ke nan. Ko ƙafar mutum ɗaya ba ta taɓa gurɗewa a bayansa ba.

A hunturun bara yanar ido ta fara rufe masa gani, gwiwoyi kuma suka ce sun gaji. 'Yarsa Yasna ta aiko cewa ranar Lahadi za ta zo ta tafi da shi asibiti a birnin Coyhaique, daga nan ya zauna wurinta, hawan dutse ya ƙare. Bai yi musu ba. Amma kullum la'asar sai in gan shi a bakin ƙofa yana ƙura wa duwatsu ido, ga shi daga nesa dishi-dishi kawai yake gani. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na daina tsokanarsa.

Ranar Juma'a baƙuwarmu ta ƙarshe ta iso, Orfelina, malamar makaranta da ta yi ritaya, mai surutu kamar rediyo. Ta kwana, da safe na rufe tukunya na ce ni ma da ni za a hau dutsen.

Ƙanƙara har gwiwa. Nibaldo a gaba da sandarsa, kai a ƙasa kamar kullum. Muna kaiwa tudu na biyu sai garken gwanako, raƙuman dawan nan marasa tozo, suka miƙe wuya suna kukan nan nasu mai kama da dariya.

"Tana kusa," in ji shi, bai ko ɗago ba.

"Baba, to ka duba sama mana," in ji Orfelina.

"Malama, ke duba mana. An raba aiki."

Bai rufe baki ba ƙafarsa ta hau santsi. Mutumin da bai taɓa faɗuwa gaban baƙo ba, sai ga shi a rigingine, sanda ta yi gefe, hula ta yi gefe. Muka yunƙura za mu ɗaga shi.

"Kada wanda ya taɓa ni," ya faɗa can ƙasa-ƙasa.

Na zaci ƙashi ne ya karye. Sai na bi inda idonsa ya kafe. A kan wani falalen dutse daidai saman kansa, kusa ƙwarai, puma ce kwance, ta zubo ƙafafun gaba, tana leƙensa. Ta yi hamma. Ni da Orfelina muka matsu da juna muka tsaya cik, don ba a gudu a gabanta. Karon farko ke nan da na ji bakin malamar nan shiru.

"Eduvina," ya raɗa.

"Na'am, Yaya."

"Ashe kunnuwanta 'yan ƙanana ne."

Hawaye na gangara masa zuwa cikin gemu, yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir. Sun daɗe suna kallon juna kafin ta miƙe, ta yi miƙa, ta haura abinta ba gaggawa. Ko bayan ta tafi sai da muka roƙe shi ya tashi, bayansa ya jiƙe sharkaf. A hanyar dawowa Orfelina ta tuna ba ta ɗauki hoto ba, ta dinga ba shi haƙuri, shi ko a jikinsa.

Ranar Lahadi Yasna ta zo da dawaki biyu, ta shirya rarrashi da faɗa duka. Ba ta buƙaci ko ɗaya ba. Ya sha mate, ya miƙa mini sandarsa, ya hau doki yana atishawa. Ni ce na tsaya a ƙofa ina share ido da gefen riga, shi kuwa har suka sha kwana ina jiyo shi yana yi wa 'yarsa bayanin kunnuwa.