Yaron da Ake Kira Kai-wuce

Har gobe ban manta da ranar da na tsuguna a ƙofar aji bakina ya ƙi buɗuwa a gaban yaro ɗan shekara huɗu ba. Ku sababbin malamai da kuka zo da takardun kwaleji kuna mini kallon tsohon hannu, ku gyara zama ku ji yadda Malam Iliya ya sha kunya.

Ni dai ba da alli aka haife ni ba. Acaɓa nake yi tsakanin Rano da Kibiya, sakandare kuwa na ratsa ta ne kamar yadda akuya take ratsa kasuwa. Da aka hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, sai ciniki ya kwanta. Kawuna ya kai ni wajen Malama Saude a Rurum Tsohon Gari. Tsohuwar malamar firamare ce, da ta yi ritaya ta buɗe ajin ƙananan yara a wani ɗaki da unguwa ta ba ta. Ɗan mahauci, ɗan mai unguwa, 'yar Fulanin ruga, duk tabarma ɗaya. Ta ce ta ɗauke ni ne don ina da baki, kuma yara ba sa tsorona.

Bulala ba ta shiga ajinta. Babbar dokarta kuwa a bakin ƙofa take. Kowace safiya yara su yi layi, malami ya tsuguna har idonsa ya yi daidai da na yaro, ya kira sunansa, ya yi masa tambaya ɗaya, ya jira amsa. Ko yaron zai yi ta kallon ƙuda, sai ka jira.

Na ce, "Malama, wannan ai gaisuwar fada ce. Kafin mu gama an kira azahar."

Ta ce, "Iliya, yaron da ya tashi ana ce masa kai, in ya girma ɗan siyasa zai tara su ya ce ku, ya raba musu sabulu, su tafi suna godiya. Wanda ya saba a kira sunansa a saurare shi, shi ne zai tsaya ya tambayi kansila ina rijiyar da aka yi alkawari."

Na ce to, Allah Ya kai mu.

Da ƙafarta ta fara ciwo, tsuguno ya gagare ta, sai ta bar mini ƙofa. A nan ta ɓaci. Cikin yaran akwai ɗana na fari, Haruna. Kun san halin. Innata Bafulatanar Kahu ce, a gidanmu uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi a gaban mutane. A ɗakin Inna ma yake kwana. Ni da nake tsokanar kowa a majalisa, a gaban wannan yaron kurma ne.

Sai na ɓullo da dabara. In layi ya zo kansa, in yi tari, in kalli rufin kwano, in ce, "Kai, wuce."

Yara kuwa ba su da mantuwa. Wata 'yar mahauci, Hadiza, bakinta kamar reza, ta ce, "Malam bai san sunansa ba!" Suka haɗa baki suna koya mini. Na ce sunan ne ya yi wa harshena nauyi, sai an sa masa man ja. Aka yi dariya, na ɗauka magana ta wuce. Ashe suna na raɗa. Kafin mako ya zagayo, har a rijiya Kai-wuce ake kiran yaron.

Wata rana Malama tana zaune a kujera tana wasan faɗin suna da su. Kowa ya miƙe ya faɗi nasa. Da aka zo kansa ya miƙe, ya ɗaga murya yadda aka koya musu, ya ce, "Sunana Kai-wuce."

Yara suka kwashe. Malama ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Wa ya ce maka?"

Ya nuna ni.

Wallahi na fi son ƙasa ta tsage. Bayan an tashi ta tsayar da ni. Na fara kawo al'ada, ta ɗaga hannu.

"Ni ma ina da 'yar fari, kada ka karanta mini. Amma shi ya san kunya kake ji? Abin da ya gani shi ne kowa yana da suna a bakinka ban da shi. A gida ka yi kunyarka, ba ruwana. A ƙofar nan malami ne kai. Gobe ka kira shi kamar kowa. In ba za ka iya ba, ɗayanku zai bar ajin nan, kuma ba shi ba ne."

Washegari yaro ya ce ba zai zo ba, ya riƙe ƙyaure yana kuka. Sai ga shi Inna da kanta ta jawo shi har ƙofar aji. Ga kuma Ɗanlami, abokin acaɓata, ya sauke yaran yayansa ya kashe babur ya tsaya kallo, don labari ya kai majalisa. Layi ya yi ta raguwa. Na yi ta jan hira da Hadiza a kan akuyarsu har ta ce, "Malam, na gaji."

Ya zo gabana, kansa a ƙasa, har ya ɗaga ƙafa zai wuce. Na riƙe hannunsa. Na buɗe baki, iska ta fito. Ɗanlami ya ce, "A sa masa man ja!" Na rufe ido na ce, "Haruna, ina kwana?"

Yaron nan sai ya waiwaya baya, yana neman wanda ake kira. Babu kowa, shi ne na ƙarshe. Ya juyo ya nuna ƙirjinsa. "Ni?"

Na ce, "Kai mana, Haruna. Me ka karya da shi?"

"Koko."

Ya shiga da gudu yana gaya wa Hadiza wai Malam ya iya. Ɗanlami ya tada babur ya tafi. Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ce, "Oh ni, zamani," ta juya.

Waiwayen nan ya fi dariyar majalisa ƙona ni. A ajin ƙanana, abin da ka ƙi faɗa ma darasi ne, kuma shi suka fi saurin haddacewa. Don haka in na ce ku tsuguna a ƙofa, ku tsuguna, kada ku ce mini gwiwa.

Da na koma gida da yamma na samu Inna a bakin murhu. Ni ma ɗan fari ne, tun da na zo duniya ban taɓa jin Iliya a bakinta ba. Na zauna kusa da ita, ƙato da ni, ina jira ban san me nake jira ba. Can ta turo mini kwano.

Ta ce, "Kai, ga tuwonka."