Akaifar Kawu Mani

Duk wanda ya taɓa kai mota tashar Gummi ya san Kawu Mani ba ya fara gaisawa da mutum. Da gilashi yake farawa. Kana miƙa masa hannu, shi kuwa ya riga ya wuce ka, ya ɗora doguwar akaifar ɗan yatsansa a gilashin gaba yana ja a hankali, kai a karkace kamar mai sauraren rediyo. Sai ya gama zai juyo ya ce, "An zo lahiya?"

Sana'arsa goge ƙwarzanen gilashin mota. Yana da inji mai faifan soso da ke juyawa, da wata hoda ja-ja da ake damawa da ruwa. Amma akaifa ce alƙali. In ta wuce sumul, sai ya ce, "Bisa shike, shina hita." In ta maƙale kuwa, "Wanga ya shiga," shi ke nan, ko kai ka haife shi ba zai kunna inji ba. Ya ce in aka bi ƙwarzane mai zurfi, gilashi kwari yake yi, direba ya riƙa ganin hanya a lanƙwashe. Maganarsa kullum ita ce, "Ido shina ƙarya, akaihwa ba ta yi."

Ni Bello ne, ɗan yayarsa, ina jan bas tsakanin Gummi da Bukkuyum da Anka. Saboda haka in ana lissafin waɗanda suka sha wuyar Kawu, a fara da ni.

Limamin unguwarmu ya taɓa ja masa kunne a ƙofar masallaci, ya ce, "Malam Mani, yanke akaifa sunna ne fa."

Kawu ya miƙa masa hannuwa biyu ya ce, "Allah shi gafarta Malam, duba, tara na yanke."

"Saura ɗaya."

"Wagga tana bakin aiki."

Ba a jima ba Liman ya sayi wata tsohuwar mota, ya aiko a kira Kawu ya duba masa gilashi. Kawu ya je, ya tsaya nesa, ya ɓoye hannu a aljihu. Ya ce, "Da mi zan duba, Malam?" Daga ranar ba a sake wa'azin akaifa a unguwarmu ba.

Tsimin Kawu kuwa, a kan hodar nan yake. Yakan ajiye kwano a ƙarƙashin gilashi, duk abin da ya ɗiga ya tare, ya shanya a rana ya sake damawa. Wata rana akuyar Inna, wato mahaifiyata, ta samu kwanon a shanya ta lashe shi tas. Kawu bai doke ta ba, bai yi faɗa ba. Kujera kawai ya ɗauko ya zauna gabanta yana kallonta har la'asar.

Inna ta ce, "Mani, mi kake jira?"

Ya ce, "Yaya, tana da kayana."

Da aka yanka akuyar a sunan ɗiyata, shi ya fara zuwa wurin fiɗa. Ya buɗe bakinta ya duba haƙoran da kyau, ya kaɗa kai ya ce, "Hodar dai mai kyau ce."

Babban abokin gabarsa shi ne waifa, abin share ruwa a gilashi. Ya ce direbobi ba su da imani, gilashi a bushe da yashi a kai, su kunna waifa su yi ta zane shi. Ni kuma ya ce hannuna ƙaiƙayi yake yi. Rani na kamawa sai ya kwance mini waifa duka biyu, ya kai ɗakinsa ya tura ƙarƙashin gado, wai sai damina ta sauka. Damina kuwa ba ta aiko da sanarwa. Ruwan farko ya tsare ni a hanyar Adabka da mota cike da mata 'yan biki. Haka na tuƙa kaina a waje ta taga, ruwa na dukan fuskata, mata na salati. Na iso Gummi sharkaf kamar kazar da ta faɗa randa, na je ina ba Kawu labari. Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "Amma gilashin lahiya lau?"

To, a shekarunsa na ƙarshe ne abin ya daina ba mu dariya. Kawu ya fara cewa gilasan yanzu ba su da kyau, duk hazo gare su. Kowa a gida ya ga farin da ke taruwa a ƙwayar idonsa, yanar ido ce ke rufe shi, amma wa zai faɗa? Na taɓa gwadawa na ce, "Kawu, ko za mu leƙa asibiti?" Ya ce shi da ke gyara wa mutane gani, shi za a kai wa yara su gyara? Likitan da na tambaya a ɓoye ya ce aikin ba wuya, amma in aka bari ta daɗe ana iya rasa idon. Wallahi na ji tsoro.

Ana cikin haka na saka sabon gilashi, fil daga kwali. Kawu ya tsaya gabansa ya runtse ido ya ce, "An cuce ka. Ga hazo nan ɓangaren fasinja." Ko akaifa bai sa ba, abin da bai taɓa yi ba. Na tafi sallar azahar, na dawo na tarar inji na kuka. Ya goge, ya duba, hazo na nan, ya ƙara. Na ce, "Kawu, ya isa." Ya ce in matsa in ba shi haske.

Sai na ruga na ɗauko Inna, don ita kaɗai ce ke iya kiran sunansa gatsal. Ta zo da mayafinta a kafaɗa, ta kashe injin da kanta.

Ta ce, "Mani, rufe idonka."

"Yaya, aiki nike."

"Na ce rufe."

Ya rufe. Ta kama hannunsa ta ɗora akaifar a gilashin ta ce, "Nemo min hazon."

Ya ja daga wannan gefe zuwa wancan. Ya dawo. Ya bi sama, ya bi ƙasa. Akaifa ba ta maƙale ko'ina ba.

Inna ta ce, "Ido da akaifa, wa ke ƙarya cikinsu?"

Ya daɗe bai buɗe idon ba. Can ya ce, "Bello, motarka na zuwa Sakkwato?"

A asibiti ma sai da ya nuna hali. Ya tambayi likita wace irin hoda suke aiki da ita. Likita ya ce ba gogewa za a yi ba, cirewa za a yi a sa sabo. Kawu ya juyo ya dube ni ya ce, "Ka ji. Ya shiga." Wata ma'aikaciya ta zo da abin yanke akaifa, ya zauna a kan hannunsa har ta gaji ta tafi.

Ranar da aka cire masa bandeji, Inna ya fara gani. Ya ƙura mata ido ya ce, "Yaya, ashe haka fuskarki ta yi ƙwarzane?"

Ta ce, "Sun shiga. Bar su."

Da muka fito zai shiga mota, sai ya tsaya. Ta gilashin ɓangaren fasinja, inda ya goge, ya hango falwayar wuta ta lanƙwashe kamar lauje. Ya ce, "Wane sakarai ya yi ma wanga aiki?"

Na ce, "Kai ne, Kawu."

Muka shiga mota, muka wuce gari. Sannan ya ce, a hankali, "Ka sake gilashin, Bello. Kada a ce ni ne."

Na ce to. Ban sake ba. Ɓangaren fasinja ne, ba ya hana ni ganin hanya. Ya ƙara damina biyu yana aiki da sabon idonsa, kullum sai ya tambaye ni, kullum in ce gilashin na hanya. Ranar da ya rasu, da akaifarsa aka yi masa sutura, don Liman da kansa ya ce ba a yanke wa mamaci.

Har yau in fasinja ya zauna gaba ya ce, "Direba, jakin can a karkace yake tafiya," sai in ce masa jakin lafiya lau yake. Wani lokaci in yi dariya, wani lokaci in kasa.

Allah ya jiƙan Kawu Mani, ya haskaka masa kabarinsa. Ya goge masa kurakuransa, na bisa da waɗanda suka shiga. Amin.