Susanna Mai Fara Kurɓa

Duk mai zuwa kallon kokawa a Farfaru ya san Susanna, matar da ke zama gefen fili da tulun ruwa. Ba sayarwa take yi ba.

Mijinta Zaki ɗan kokawa ne da ake ji da shi har Maraɗi. Ba ya shan ruwan baƙon wuri, don gudun kada a zuba masa abin da zai kashe masa jiki. Wata bazara aka gayyace shi wasa tsallaken iyaka. Aka tsayar da motarsu a Jibiya har rana ta take, gorar da Susanna ta cika masa ta ƙare. A fili aka yi ta miƙo masa ruwa, yana kau da kai. Ya kada mutum biyu, sai zufa ta ɗauke masa, ya fara sambatu, ya zube. 'Yan kallo suka ce asiri ne, likita ya ce zafi ne da ƙishirwa. Gawarsa aka kawo mata.

Har yau, in ta ɗebo wa ɗan kokawa ruwa, sai ta fara kurɓa a gabansa, ta ce, "Ka ga na sha, ɗana. Sha."